Godiya a Ranar Rashi

Zuwa ga 'yan'uwa waɗanda ba su daɗe da karɓar baftisma ba, da waɗanda su ke zuwa aji suna bincike tukuna.

Mu Hausawa mutane ne masu-yawan ambaton godiya. Ka iske mutum a gona, rana ta take, gumi ya jiƙa masa taguwa, ka ce, Ina aiki? Sai ya ce, Da godiya. Ka tambaye shi ruwa, ko da jiya ruwan ya rushe masa katanga, sai ya ce ya yi gyara. Ka tambaye shi sanyi, ya ce lokacinsa ne. Wannan ladabi ne mai-kyau da muka gada, kada kowa ya yar da shi domin ya zama Kirista. Amma kalmar da baki ya saba da ita ta kan fita zuciya ba ta sani ba, kamar yadda jaki ya kan kai ubangidansa gida yana gyangyaɗi a bisansa. Domin wannan ina so mu bincika godiyar nan tamu, mu ga ko wa mu ke yi wa ita, mu ga kuma ko za ta tsaya ranar da aka karɓe abin da mu ke godiya dominsa.

Akwai dalilin da ya sa na ɗauko maganar. Waɗansunku, tun ran da suka shaida Kristi a gaban jama'a, ba su ga kome ba sai rashi. Wani ubansa ya daina amsa gaisuwarsa. Wani an hana shi rabonsa na gonar gandu. Wani surukai sun zo sun tafi da 'yarsu. Wani masu-sayen kayansa sun koma wata rumfa. Wani kuwa, wata uku bayan baftismarsa, zazzaɓi ya ɗauke ɗansa na fari, ya ji maƙwabta suna raɗa a bayan danga, suna cewa ga abin da sabuwar hanya ta jawo masa. Irin waɗannan su kan zo zaurena da dare, sa'anda ba mai-ganinsu, su ce, Malam, ina farincikin da aka faɗa mana? Tambaya ce ta gaskiya, ba kuwa zunubi ba ne mutum ya yi ta.

A cikin Bishara ta hannun Luka, sura 17, an ba mu labarin kutare 10. Yesu yana kan hanyarsa zuwa Urushalima, ya bi ta iyakar Samariya da Galili. Da zai shiga wani ƙauye, sai ga su tsaye daga nesa, gama shari'ar Musa ba ta yarda su kusanci masu-lafiya ba. Wanda firist ya duba ya ce kuturu ne, sai ya fita bayan gari ya zauna, tufafinsa a yage, in ya hangi mutum tafe ya ɗaga murya ya gargaɗe shi. Cutar ta kan ci yatsu, ta kan kuma cinye wa mutum gidansa da matarsa da mazauninsa a cikin jama'a. Suka yi kira, suka roƙe shi jinƙai. Bai taɓa su ba, bai ba su wani magani ba, sai ya umurce su su tafi su nuna kansu ga firistoci, domin firist ne mai-ba da shaida cewa mutum ya tsarkaka. Suka juya da cutarsu a jikinsu, suka kama hanya. Suna cikin tafiya, kowa ya dubi hannunsa, ya ga fata ta koma sabuwa.

Tara suka wuce gaba, ɗaya ya komo. Kada mu yi saurin zagin taran nan. Sun ba da gaskiya, gama da ba su gaskata ba da ba su kama hanya da cuta a jiki ba. Sun yi biyayya, gama wurin firist aka aike su, can kuwa suka nufa. Kowannensu yana da gidan da ya yi shekaru bai taka ba, ga shi kuma al'adar tsarkakewa sai ta kai kwana takwas kafin ta cika. Wa zai ce shi ba zai yi gaggawa ba? Mutanen kirki ne, irin waɗanda mu ke zama tare da su a majami'a. Laifinsu guda ne, murnar kyautar ta cika musu ido har ba su waiwayi wanda ya bayar ba.

Kun san al'adarmu. Idan sarki ya aiko wa talakansa da riga, talakan ya kan ba ɗan aike tukwici, wannan daidai ne. Amma in gari ya waye ya kan sa rigar, ya tafi fada, ya faɗi ya yi godiya, gama ya sani ba rigar ce babban abu ba. Babban abu shi ne sarki ya tuna da shi, ya san sunansa. Wanda ya karɓi riga ya shige ɗaki ya yi ta shafa zarenta, bai taka fada ba, ya sami riga, amma ya yi hasarar sarki. Riga kuwa za ta tsufa, gara ko asu su ci ta.

Wanda ya komo Basamariye ne, daga kabilar da Yahudawa su ke ƙyama, ba su ko cuɗanya da su. Ya zo yana yabon Allah da babbar murya, ya faɗi rubda ciki a ƙafafun Yesu. Yesu ya tambayi inda sauran su ke, kana ya tashe shi, ya shaida masa bangaskiyarsa ta cece shi. To, me ya samu wanda taran ba su samu ba? Fatarsu duka ɗaya ce, duka ta warke. Amma fatar nan da ta warke ta tsufa daga baya, ta yi tamoji, aka binne ta kamar ta kowa. Shi kuwa ya ga fuskar Mai-ceto a kusa, ya ji magana daga bakinsa, wannan kuwa kabari ba ya cinsa.

Bari in ɗan ratse a nan, tun da maganar kuturta ta zo. Har yanzu akwai masu-ɓoye ta domin kunya, suna tsammani la'ana ce. Ƙwayar cuta ce ke kawo ta, wani likita a ƙasar Nowe mai-suna Hansen ya gano ta a 1873. Tun 1981 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsayar da haɗin magunguna mai-warkar da ita cikin wata 6 zuwa 12, ana kuwa ba da shi kyauta. Wanda ya ga tabo mai-haske a fatarsa, in an taɓa wurin ba ya ji, ya tafi asibiti tun kafin ta taɓa jijiya. In ya warke ya gode wa masu-maganin, wannan shi ne tukwicin ɗan aike, kana kada ya manta da hanyar fada.

Muddin alheri yana sauka, ba mai-iya rarrabe taran da ɗayan, gama bakinsu duka yana cewa an gode. Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. Wannan ne ya kai mu ga Ayuba. Yana da 'ya'ya maza 7 da mata 3, da tumaki 7,000, da raƙuma 3,000, ban da shanun noma da jakuna da barori. Ƙarar da Shaiɗan ya kai a kansa ita ce, wai ibadar Ayuba ciniki ce, yana tsoron Allah ne domin Allah ya kewaye shi da shinge, in aka cire shingen zai juya ya zage shi. Rana ɗaya dukiyar ta tafi, 'ya'yan duka goma gida ya faɗa musu. Ayuba ya yage rigarsa, ya aske kansa, ya faɗi ƙasa ya yi sujada, ya albarkaci sunan Allah. Ka lura, ya kai mai-karatu, ƙarar nan ba a kan Ayuba kaɗai a ke kai ta ba. A kan kowane mai-bi a ke kai ta, ranar rashi kuwa ita ce ranar shari'ar.

Abokansa uku suka zo masa ta'aziyya, suka zauna tare da shi a ƙasa kwana bakwai ba wanda ya ce uffan. A ganina wannan shi ne mafi kyaun abin da suka yi. Da suka buɗe baki sai suka ɓata, gama hikimarsu duka ita ce ta masu-raɗa a bayan danga: tun da masifa ta same ka, lalle akwai laifin da ka ɓoye. A ƙarshen littafin Allah da kansa ya husata da su, ya ce ba su faɗi gaskiya a kansa ba. Haka kuma sa'anda almajirai suka ga wanda aka haifa makaho, suka tambaya ko zunubinsa ne ko na iyayensa, Yesu ya ƙi duka biyu. Saboda haka wanda aka gaya masa ɗansa ya mutu domin ya bi Kristi, ya dubi makabartar garinsu. Akwai 'ya'yan masu-bi a ciki, akwai na waɗanda ba su bi ba, zazzaɓi bai tambayi addinin kowa ba.

Akwai wani kuskure kuma da ya kan shigo ta wajen masu-bi da kansu. Na sha ji a gidan makoki ana ce wa uwar da ta rasa ɗa ta share hawaye, wai kuka rashin bangaskiya ne. Ban san inda suka samo wannan ba. Ayuban nan da ya yi sujada, shi ne kuma a sura 3 ya la'anci ranar da aka haife shi, ya yi ta kai kukansa gaban Allah sura bayan sura, bai ɓoye ɗacin ransa ba. Ubangijinmu kansa ya tsaya a Baitanya kusa da kabarin Li'azaru ya yi hawaye, ko da shi ke ya san zai tashe shi a wannan sa'a. Mai-kuka yana fuskantar Allah yana gaya masa zafin da ya ke ji, kamar yaron da ya ƙone ya ruga wurin uwarsa. Mai-gunaguni shi ne wanda ya juya wa Allah baya, ya tafi yana ɓata sunansa a wurin mutane. Hawaye da godiya suna iya zama a fuska ɗaya.

Ba kuwa an ce mu gode domin mutuwa ba. Littafi Mai-tsarki ya kira ta maƙiyi, wadda za a hallaka a ƙarshe. Abin da aka koya mana shi ne mu yi godiya muna tsakiyar rashin. Me ya rage da za a gode dominsa? Shekarun da aka ba ka da wanda ya tafi, ko biyu ne ko arba'in, ba ka saye su da kuɗi ba, babu kuwa mai-iya ƙwace maka su yanzu. Zafin da ka ke ji ma shaida ne cewa abin da aka ba ka mai-daraja ne, gama ba a kuka domin hasarar tsumma. Ga kuma alkawarin tashin matattu, wanda Kristi ya hatimce da tashinsa. Wanda ya san Mai-bayarwa yana da wurin da zai kai kukansa, yana da kuma wanda zai jira.

Kada wani ya ce wannan sai mutanen zamanin annabawa. A ƙasar Jamus, a wani gari mai-ganuwa da a ke kira Eilenburg, an yi wani mai-wa'azi, Martin Rinkart. A zamaninsa aka yi yaƙin da ya ɗauki shekara 30, daga 1618 zuwa 1648. Masu-gudun yaƙi suka cika garin, yunwa ta biyo su, a 1637 kuma annoba ta faɗa musu. Abokan aikinsa suka ƙare, waɗansu ta mutuwa, har ya rage shi kaɗai. Ya kan yi jana'izar mutum 40 ko 50 a yini guda, a shekaran nan ya binne fiye da 4,000, matarsa tana cikinsu. Wannan mutum ne, a cikin shekarun yaƙin nan, ya rubuta wata gajeriyar waƙar godiya domin a yi ta a gida lokacin cin abinci, wadda har yau a ke rerawa a majami'u cikin harsuna da yawa. Ya rasu a 1649, shekara guda bayan an yi sulhu, watau kusan dukan aikinsa a cikin yaƙi ya yi shi. Da godiyarsa ta dogara ga cikar rumbu da zaman lafiya, da bai sami ranar yinta ba.

Mafi girma duka shi ne abin da Ubangiji ya yi a daren da aka bashe shi. Ya san wanda zai sayar da shi yana zaune a wurin, ya san Bitrus zai yi musunsa kafin zakara ya yi cara, ya san abin da gobe za ta kawo. Ya ɗauki gurasa, kafin ya kakkarya ta sai da ya yi godiya. Duk ran da kuka zo Jibin Ubangiji ku tuna a wane irin dare aka fara shi.

Yanzu sai tambayar masu-zuwa zaure da dare, ina farincikin? Ɗan Adam tun yana yaro ya ke nemansa, kullum kuwa yana hangensa a gaba kaɗan. Na ƙauye yana cewa yana Kano, na Kano yana cewa yana Legas, na Legas yana cewa yana Turai. Samarinmu nawa ne suka sayar da gona, suka bi ta Agadas suka shiga hamada dominsa, waɗansu har yau iyayensu ba su ji ɗuriyarsu ba? Marar mata yana cewa in ya yi aure, mai-mata yana cewa in ya sami ɗa, mai-ɗa yana cewa in yaron ya gama makaranta. Matafiyi da bazara ya san kawalwalniya, yadda ta kan shimfiɗu a kan hanya kamar tafki, in ka isa wurin ka tarar da rairayi, ita kuwa ta matsa gaba. A cikin littafin Mai-Wa'azi, sura 2, wani sarki a Urushalima ya ba da labarin yadda ya gwada abin har iyaka. Ya gina gidaje, ya dasa gonaki da lambuna, ya haƙa tafkuna, ya tara garkuna da azurfa da zinariya da mawaƙa, bai hana idonsa kome ba. Da ya juya ya duba duka, ya iske hannunsa wofi. In wanda ya isa ƙarshen hanyar ya komo ya ce babu ruwa a can, me zai sa mu da mu ke tafe a ƙasa mu ƙi jin maganarsa?

Ban ce kowa ya naɗe hannu ya zauna ba. Ku yi noma, ku yi sana'a, ku sa 'ya'yanku a makaranta, wanda aka zalunta ya nemi hakkinsa ta hanyar da ta dace. Bulus manzo ɗinkin alfarwa ya ke yi ya ci da kansa. Amma ku yi hankali da masu-wa'azin da za su ce muku in kun ba da kaza Allah zai mayar muku da kaza, in kuwa kun talauce ko kun yi ciwo bangaskiyarku ce ta kasa. Wannan shi ne cinikin da Shaiɗan ya zargi Ayuba da shi, an sa masa rigar ibada. Mai-bin wannan koyarwa, ran da rashi ya zo, zai rasa abinsa ya rasa Allahnsa tare.

Bulus ɗin nan an yi masa dūka da sanduna a Filibi, shi da Sila, aka jefa su can cikin kurkuku, aka sa ƙafafunsu a turu. Da tsakar dare sauran 'yan sarƙa suka ji su suna addu'a suna waƙar yabo. Bayan shekaru, yana ɗaure kuma, ya rubuta wa ikilisiyar garin nan wasiƙar da ta fi dukan wasiƙunsa ambaton murna. A ciki ya ce ya koyi zama da wadar zuci, ko a ƙoshi ko a yunwa. Kalmar koyo ta ba ni ƙarfin zuciya ƙwarai, gama ta nuna ba da ita aka haife shi ba, ba kuwa ranar baftismarsa ta sauko masa gaba ɗaya ba. Sana'a ce, kamar saƙa ko ƙira, hannu ya kan yi ta kuskure kafin ya faɗa. Abin da na gani kuma a wurin tsofaffin masu-bi shi ne, farinciki bai zo musu sa'anda su ke farautarsa ba. Ya same su ne a ƙafafun Yesu, inda suka komo yin godiya.

Ga yadda a ke koyon sana'ar. Da dare, kafin ka kwanta, kada ka ce na gode domin kome da kome, gama wannan godiyar bakin gona ce. Ka kira abubuwan da sunansu: ruwan da ka sha, ƙafar da ta kai ka kasuwa ta komo da kai, wanda ya gaishe ka yau bayan jiya ya kau da kai. Kada a buɗe akushi a gidanka, ko ƙanzo ne a ciki, sai an gode, yara kuwa su ji da kunnensu. Da kaka ka fitar da na Allah tun dami yana gona, kafin ido ya saba da ganinsa a rumbu.

Akwai kuma bashin godiya ga mutane, a nan ne sababbin masu-bi su kan yi tuntuɓe. Uwar da ta goye ka, ko yau ta ce ba ta son ganinka, nononta da ka sha bai koma ba. Uban da ya hana ka gona shi ne ya koya maka riƙon fartanya. Ka tafi ka durƙusa ka gaishe su, ka kai musu daga abin da ka noma. In sun mayar, ka haƙura, ka sake kaiwa baɗi. Kada a ce a garinku bin Kristi ya kan mai da ɗa butulu.

In rasuwa ta faru a gidan ɗan'uwa ko maƙwabci, ko mai-bi ne ko ba mai-bi ba, ka tafi da wuri, ka zauna a tabarma, matarka ta kai abinci. Ka riƙe harshenka, kada ka bayyana masa dalilin abin da Allah bai bayyana maka ba, kada kuma ka karanta masa wannan takarda a ranar. Bayan kwana bakwai, sa'anda 'yan ta'aziyya suka watse gida ya yi shiru, ka koma, gama a lokacin ne ya fi bukatarka.

Kai kuma da rashin ya ke sabo a wurinka, ka buɗe baki ka yi godiya ta ƙi fita, kada ka tilasta wa kanka faɗin abin da ba ya zuciyarka, kada kuma kunya ta tsare ka a ɗaki. Ka gaya wa Allah ba ka iyawa, wannan ma addu'a ce. Ran Lahadi ka zo majami'a ka zauna ko a baya ne, in an tashi waƙa ka bar 'yan'uwa su rera a madadinka. In an fito ka tsaya ka ga malamin aji ko ɗaya daga cikin dattawan ikilisiya, ka faɗa masa sunan wanda ka rasa, domin a riƙa ambatonka da gidanka cikin addu'ar jama'a, a kuma sa wanda zai riƙa leƙo ka a cikin mako.